Muƙamuƙi da muƙami: dangi ne, ko kama ce kawai?

Nas ɗin Sashen Haƙori ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga masana Hausa ce, musamman malamanmu na nahawu. Kalmar nan muƙamuƙi, me take nufi takamaimai, kuma daga ina ta samo asali?

Ga abin da ya jawo tambayar. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen haƙori da tiyatar baki, kuma an ɗora mini rubuta 'yar takarda da Hausa wadda za mu riƙa ba majinyatan da aka ɗaure wa baki da waya. Ga wanda bai taɓa gani ba: idan ƙashin nan mai ɗauke da haƙoran ƙasa ya karye, ɗaya daga cikin hanyoyin gyara shi ita ce a haɗa haƙoran sama da na ƙasa a ɗaure su tare, haƙoran sama su zama kamar karan ɗori. Mutum zai yi mako 4 zuwa 6 bai buɗe baki ba. Magana sai ta tsakanin haƙora. Takardar za ta gaya masa yadda zai riƙa wanke bakinsa, da abin da za a yi cikin gaggawa in amai ya taso masa, don wannan ne abin da muka fi jin tsoro.

A makaranta sunan Latin muka haddace: na ƙasa mandibula, na sama maksila. Majinyata kuwa ba ruwansu da wannan. Wani ya ce haɓarsa ce ta karye, wani ya ce kumatunsa, wani ya ce bakinsa ya goce. Mafi yawa cewa suke yi "haƙorana ba sa haɗuwa," kuma a wajenmu wannan ta fi kowace magana amfani, don da zarar ka ji ta ka san akwai karaya ko gocewa tun kafin a ɗauki hoto. Muƙamuƙi kuwa na fi jin ta a bakin manya. Yara matasa da yawa sai na nuna musu wurin da hannu.

Wani dattijo da ya faɗo daga babur, bayan an gama ɗaure shi, ya yafuto ni ya ce ta tsakanin waya: "'Yata, masu muƙami suna can suna ta ci, ni da ban taɓa riƙe ko na mai unguwa ba, nawa muƙamuƙin ne ya gaji." Duk ɗakin aka yi dariya ban da shi, don ba hali. To daga nan wani abokin aikina ya kafe kai da fata wai ai asalin kalmar ke nan: muƙami ne aka ninka, saboda wanda ya samu muƙami bakinsa ba ya hutawa. Da na ga ba wasa yake yi ba sai na fara kokwanto.

Saboda haka, da gaske kalmomin nan biyu dangi ne? Sannan idan na rubuta muƙamuƙi kawai, mai karatu zai gane na ƙasa nake nufi, ko sai na ƙara "na ƙasa"? Ba na son in rubuta abin da zai zama Turanci da rigar Hausa.

Tsohon Malamin Hausa ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi wa aikinki albarka. Abokin aikin naki ya iya zance, amma kama da wane ba ta wane.

Muƙami baƙuwa ce, daga Larabci muka aro ta. Asalinta maƙam, wato wurin tsayuwa, kuma danginta suna nan birjik a bakinmu: iƙama da ake yi in za a tsaya salla, alƙiyama, istiƙama, da Maƙamu Ibrahim da duk wanda ya je aikin Hajji ya sani. Mai muƙami shi ne wanda ke da wurin tsayawa a cikin jama'a. Ƙ ɗin da ke cikinta ƙaf ce ta Larabci, irin ta alƙali da alƙalami. Babu tauna a cikinta ko kaɗan, mutane ne suka sa mata.

Muƙamuƙi kuwa 'yar gida ce, kuma in kina son ki gane ta sai ki dubi 'yan'uwanta na jini. Ɗauki fiffike. Jam'insa fikafikai. Ɗauki shisshike, wato ginshiƙin da ke tallafe da abu. Jam'insa shikashikai. Kowane yaro ya san shikashikan Musulunci biyar ne, amma ki tsayar da shi ki ce ya ba ki tilon kalmar, ki ga yadda zai riƙa sosa ƙeya. To ta uku ita ce mummuƙe, jam'inta muƙamuƙai. Mummuƙe tana nan ba ta mutu ba, akwai masu faɗinta har gobe.

Dubi yadda aka gina su. Saiwar gajera ce: fik, shik, muƙ. A tilo sai a maimaita ta, baƙin ƙarshe na farkon ya narke ya koma irin wanda ke biye da shi. Fik-fik-e ya zama fiffike, shik-shik-e ya zama shisshike, muƙ-muƙ-e ya zama mummuƙe. A jam'i kuma sai a cusa dogon wasalin a a tsakiya ya raba su, kowane baƙi ya tsaya da ƙafarsa: fik-a-fik-ai, shik-a-shik-ai, muƙ-a-muƙ-ai. Kin ga ke nan ƙa ɗin da ke tsakiyar muƙamuƙi, wadda ita ce ta sa ta yi kama da muƙami, ba ta cikin saiwar ma. Ƙ ta saiwa ce, a kuwa ta jam'i ce.

To ina muƙamuƙi ta fito, tunda ga tilo ga jam'i? A fahimtata daga jam'in aka sake yanko ta. Abubuwan nan ba a cika ambatonsu ɗaya-ɗaya ba. Tsuntsu da fikafikai biyu yake tashi, ɗaki ba ya tsayuwa a kan shisshike ɗaya. Kunne ya saba da jam'in, sai baki ya cire ai ya sa i ya samu sabon tilo. Shi ya sa za ki ji ana cewa fikafiki ko fukafuki, alhali ga fiffike a zaune. Haka muƙamuƙai ta haifi muƙamuƙi, har 'yar ta fi kakarta suna.

Abin da ya ƙara wa wasan daɗi shi ne jam'in su biyun. Muƙamai, muƙamuƙai. Gaɓa ɗaya ce tak ta raba su, kuma ke da kike asibiti kin san gaɓa a wajenku mahaɗar ƙashi ce, a wajenmu kuwa yankin kalma. Wasan dattijon nan mai kyau ne, a bar shi a matsayin wasa. Inda ake ɓata shi shi ne a mayar da shi tarihi.

Game da tambayarki ta biyu, a kunnena muƙamuƙi shi ne wanda ke motsi. Ki ce wa kowa "an naushe shi a muƙamuƙi," ki duba inda hannunsa zai je: gefen fuska, daga ƙasan kunne zuwa haɓa. Ba wanda zai taɓa ƙarƙashin hancinsa. Na sama ba mu ba shi suna na yau da kullum ba, don ba ya yin komai da ido zai gani. Sassansa muke kira: ganɗa, dasashi, haƙoran sama. Haɓa ita ce ƙarshen gaba kawai, inda mai mamaki yake riƙewa. Kumatu kuwa tsoka ce, ba ƙashi ba. Ni dai da ni ne, muƙamuƙi kawai zan rubuta.

Roƙona ɗaya: wanda zai buga miki takardar ki tsaya a kansa ya sa ƙugiyar haruffa. In ya rubuta miki "kashin mukamuki" da k mara lanƙwasa, kin san abin da kika raba wa majinyata. Haɓa ma in ta rasa ƙugiyarta ta koma haba, sai takardar asibiti ta zama tana yi wa mara lafiya faɗa.

Ɗan Zolaya ya amsa:

Malam ya gama magana, amma ni ina goyon bayan a rubuta "muƙamuƙin ƙasa," saboda dalilin da ba na nahawu ba. Ku karanta shi da kyau. Akwai muƙamin ƙasa, wanda ake rantsar da mutum a kansa. Akwai muƙamuƙin ƙasa, wanda da shi ake cin ta. Anti Nas, in kun samu wanda nasa ya karye a cikin waɗancan, don Allah kada ku tsaya a mako shida, ku bar wayar har ƙarshen wa'adi.

Likitan Dabbobi ya amsa:

Malam, Allah ya ƙara sani. Bayanin jam'in nan ya sa na tashi zaune, don ya yi daidai da wani abu da nake gani da idona a wurin aiki, zan zo kansa. Bari in fara da kalmar da 'yar'uwa ta haddace a makaranta, tunda ita ma tana da nata wasan.

Mandibula daga aikatau ɗin Latin mandere take, ma'anarsa tauna. Wutsiyar "-bula" kuwa tana nuna abin da ake aiki da shi, irin aikin da "ma-" take yi mana a mabuɗi, makulli, matsefi. In za a juya ta kai tsaye sai a ce matauni. Amma kada wani ya ɗauko wannan ya kai takarda, don matauni da mai shi: haƙoran can ciki ne, waɗanda wasu ke kira turame. Abin dariya, su ma a Latin sunansu daga dutsen niƙa aka samo shi. Akwai wani aikatau mai kama da shi, mandare, wato ba da umarni ko damƙa amana, daga shi Turawa suka samu kalmar da 'yan siyasa ke kiran ikon da masu zaɓe suka ba su. Harafi ɗaya ya raba ba da iko da tauna. Ashe ba a Hausa kaɗai mulki da muƙamuƙi suke maƙwabtaka ba, kuma can ma ba dangi ba ne.

Wani tarkon da ke kama ɗalibai shi ne haɓa. A Latin sunanta mentum. Hankali kuma mens, wanda in ya sauya siffa yake komawa mentis. Duka biyun sai suka haifi siffa iri ɗaya a littattafan likitanci. Akwai 'yar huda a kowane gefe na muƙamuƙi, wajen saitin ƙananan matauna, inda jijiyar da ke ba leɓen ƙasa da haɓa ji take fitowa. Sunan hudar yana ɗauke da wannan siffa, sai sabon ɗalibi ya ɗauka tana da alaƙa da ƙwaƙwalwa. Hudar haɓa ce kawai. Jijiyar tana bi ta cikin ƙashin ne, shi ya sa mai karaya yakan ce leɓensa ya mutu, kuma ita likitan haƙori yake kashewa da allura kafin ya cire haƙorin ƙasa.

Yanzu ga abin da ya tashe ni. Ƙashin nan ɗaya ne ko biyu? Amsar ta danganta da wa ake tambaya a kansa, da shekarunsa. Jariri da ɓari biyu ake haihuwarsa, dama da hagu, haɗe a tsakiyar haɓa da nama mai tauri. Wajen cikarsa shekara ɗaya suke narkewa su zama ƙashi guda. A saniya da akuya da tunkiya da kare kuwa mahaɗar nan takan zauna ba ta rufe ba. In ka samu busasshen kan akuya ka ɗaga muƙamuƙin, sau da yawa da kansa yake rabuwa biyu a hannunka. Kyanwar da ta faɗo daga sama, a daidai wannan layin take yawan tsagewa, mu ma da waya muke ɗaure ta. Doki da jaki kuwa nasu a haɗe yake kamar na mutum. Maciji shi ne ƙarshe: ɓarin biyu ba su haɗu da ƙashi ba sam, jijiya mai talewa ce tsakaninsu, kowanne yana tafiya da kansa, da haka yake jan abin da ya fi kansa girma zuwa ciki. Maganar da ake yi wai yana gocar da muƙamuƙinsa ne ba haka take ba.

Wannan bambancin ya taɓa ruɗa manyan likitoci shekaru aru-aru. Jalinus, likitan Girka da ya rayu a ƙarni na 2 Miladiyya, dabbobi ya fi feɗewa, sai ya rubuta cewa muƙamuƙin mutum ƙashi biyu ne. Aka yi ta kwafa ba mai musu, don a lokacin maganarsa yankan wuƙa ce. Sai Abdullaɗif al-Bagadadi, wanda aka haifa a 1162 ya rasu a 1231, ya samu kansa a Masar lokacin wata muguwar yunwa wajen shekarar 1200. Gawarwaki sun yi yawa har ƙasusuwa suka taru tsibi a kusa da Alƙahira. Ya je ya duba kawuna sama da 2,000, ya juya su ta kowace fuska, bai ga mahaɗa a haɓar ko ɗaya ba. Ya rubuta cewa ƙashi ɗaya ne, kuma abin da ido ya gani ya fi abin da aka ji ƙarfi, ko da daga Jalinus ne. A Turai sai a 1543 wani likita mai suna Vesalius ya buga littafinsa da ya yi wannan gyaran.

To Malam, kalmar da aka yanko daga jam'i ta koma tilo, tana nufin ƙashin da aka haifa biyu ya koma ɗaya. Ban ce da gangan kakanninmu suka yi ba, dacewa ce. Amma ina ganin dalilin yawan jam'in a fili yake: wanda ya saba ganin kan dabba ɓari biyu yake gani, kuma ko a jikinka in ka dafa, kusurwa biyu za ka ji, ɗaya ƙarƙashin kowane kunne.

Inda zan saɓa da Malam shi ne batun "na ƙasa." A hira na yarda. A takardar asibiti kuwa ana samun wanda na samansa ne ya karye, kuma dole a kira shi da wani suna.

Ɗalibin Zaure ya amsa:

Salamu alaikum. Malamai sun yi bayani, ni ɗan ƙari ne daga ɓangaren Larabci, tunda an taɓo shi.

Likitocin Larabawa na yau fakku suke ce wa muƙamuƙi, su ƙara na sama ko na ƙasa. Kalmar daga saiwar kwancewa da rabawa take, irin wadda ke cikin fakku raƙaba a Suratul Balad, wato 'yanta wuya. Amma tsohuwar kalmar da muke tararwa a littattafai ita ce lahyu. Daga saiwarta aka samu lihya, gemu, gashin da ke tsirowa a kan wannan ƙashin. Ita ce a Suratu Ɗaha inda Annabi Haruna yake ce wa Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare su, kada ya kama gemunsa ko kansa. Mu a Hausa gemu daban, muƙamuƙi daban, ba abin da ya haɗa su a lafazi. Su kuwa suna ɗaya ya ɗauki ƙasar da shukar.

Kuma a sigar biyu ta fi zuwa. Hadisin Sahlu ɗan Sa'adu da ke cikin Bukhari, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya lamunce masa abin da ke tsakanin lahyunsa biyu da abin da ke tsakanin ƙafafunsa biyu, zai lamunce masa Aljanna. Masu sharhi suka ce ƙasusuwa biyu ne na gefen baki, abin da ke tsakaninsu kuwa harshe ne, wasu suka haɗa da abin da ke shiga bakin. Malaminmu in ya zo nan da muƙamuƙai yake fassarawa, ban taɓa jin ya ce leɓɓa ko haƙora ba. Ya kan ce ba a ambaci harshen da sunansa ba, an ambaci shingen da aka kewaye shi da shi.

Haɓa kuma zaƙan ce, jam'inta azƙan, tana ƙarshen Suratul Isra'i inda ake siffanta masu faɗuwa a kan haɓoɓinsu suna sujada. Kenan su ma sun raba haɓa da muƙamuƙi kamar yadda Malam ya raba.

Nas ɗin Sashen Haƙori ta sake rubutawa:

Kai, na gode ƙwarai. Baba Malam, na kai wa abokin aikina maganar fiffike da shisshike, ya yi shiru, sannan ya ce shi dai tasa ta fi daɗi. Na ce ai ba a hana shi ba.

Likita, abin da ka faɗa na dama da hagu muna ganinsa ta wata fuskar. Da yake ƙashin lanƙwashe yake kuma kowane ƙarshensa yana maƙale a gaban kunne, bugu a gefe ɗaya yakan karya shi wuri biyu. Mutum ya sha naushi a haɓa ta dama, a duba a tarar wuyan ƙashin na hagu, can kusa da kunne, shi ma ya tsage. Shi ya sa in mun ga karaya ɗaya ba ma tsayawa sai mun nemi ta biyu. Majinyaci yakan yi mamaki, ya ce ai nan ba a taɓa shi ba.

Wanda yake son ya ji mahaɗar, ya sa yatsa a gaban kunnensa ya buɗe baki a hankali. Da farko kan ƙashin juyawa yake yi a wurinsa, in bakin ya ƙara buɗewa sai ka ji ya zamo gaba. In ya zarce ya kasa komawa, shi ne gocewar da ake kawo mana mutum baki a hangame, yawu na zuba, wani lokaci daga hamma kawai. Wannan ma ina neman sunanta, don wasu na cewa gocewa wasu targaɗe.

Mai Karatun Ibraniyanci ya amsa:

Gaisuwa ga kowa. Ɗan'uwa Ɗalibin Zaure, lahyun nan taka tana da 'yar'uwa a Ibraniyanci, lehi, ma'anarsu ɗaya. Kuma akwai tsohon wasan kalma a kanta a Littafi Mai Tsarki, Littafin Mahukunta sura 15, wanda wasu ke kira Alƙalawa.

Samson ne aka ɗaure aka miƙa wa Filistiyawa. Ya tsinke igiyoyin, ya tsinci ɗanyen muƙamuƙin jaki, ya kashe mutum 1,000 da shi. Bayan nan ya yi kirari, kuma a kirarin wasan yake. A Ibraniyanci jaki hamor ne, ɗan'uwan himar na Larabci. Tsibi ma hamor ne. Sai ya jera su: da lehin hamor, hamor a kan hamor. Mai karatu da Hausa tsibi-tsibi kawai yake gani, bai san jakin da tsibin sauti ɗaya suke da shi ba. Ni in an bar ni da nawa gwajin, sai in ce "da muƙamuƙin jaki na jibge su," ko ba komai j ɗin ta amsa. Wurin da abin ya faru ma sunansa Lehi, kuma da ya yar da ƙashin aka kira wurin Ramat Lehi, tudun muƙamuƙi.

Bayanin Likita ya warware mini wani abu. Na jaki a haɗe yake, ga tsawo ga nauyi ga haƙora a jere, kuma nassin ya ce ɗanye ne, bai bushe ya yi gautsi ba. Da na akuya ya tsinta, da tun bugun farko ya rabe masa a hannu.

Tsohon Malamin Hausa ya sake amsawa:

Likita, na ji hujjarka, kuma ban ƙi ta duka ba. Harshe yana faɗaɗa in buƙata ta zo, kuma asibiti buƙata ce. In za a ambaci su biyun a jimla ɗaya, a ce na sama da na ƙasa, ba laifi. Abin da ba na so shi ne a maimaita "muƙamuƙin ƙasa" a kowane layi har mai karatu ya ɗauka kalmar ba ta iya tsayuwa ita kaɗai. A faɗe shi sau ɗaya a farko, a sa zane kusa da shi, daga nan a ci gaba da muƙamuƙi.

'Yata, gocewa za ki rubuta. Targaɗe shi ne gaɓa ta murɗe ta yi ciwo amma ƙashin yana wurinsa. Wanda bakinsa ya ƙi rufuwa, ƙashin ya bar mazauninsa, wannan ya goce.

Likitan Dabbobi ya sake amsawa:

Na karɓi wannan, Malam. Ƙari ɗaya ga 'yar'uwa: ki ware layi guda ki bambanta bakin da ya ƙi rufuwa da wanda ya ƙi buɗuwa. Na biyun, in babu karaya babu kumburin haƙori, kuma akwai wani rauni a jiki ko da ƙarami ne, a yi tunanin tetanus, cutar nan mai sandarar da tsoka, a garzaya asibiti. Tsokar tauna tana cikin waɗanda yake fara kamawa, a mutum da doki duka, kuma masu kawo mara lafiyar "haƙoransa sun datse" za su ce miki, ba za su ambaci muƙamuƙi ba.